Tsohuwar Mota: Kadarar da Ke Cin Kuɗi Tana Kwance

A watan Mayu na shekarar 2022 aka sayar da wata mota ƙirar Mercedes-Benz 300 SLR, wadda aka ƙera a 1955, a kan kuɗin Turai Yuro miliyan 135, farashin da ba a taɓa sayar da mota a kansa ba kafin wannan lokaci. Irin wannan labari ne ke sa wasu masu hannu da shuni a Nijeriya su ɗauka cewa ajiye tsohuwar mota wata hanya ce ta zuba jari. Lissafin bai cika fitowa haka ba.

Motocin da suka fi dacewa da wannan suna a ƙasar nan su ne Peugeot 404 da 504, waɗanda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsa a 1975, da kuma Volkswagen Beetle da aka riƙa haɗawa a Legas. Ita 504, wadda jama'a ke kira Fijo, ta yi wa ma'aikatan gwamnati da direbobin haya aiki shekara da shekaru. To, amma yawanta ne ya rage mata daraja a kasuwa, domin abin da ke ɗaga farashin tsohuwar mota shi ne ƙarancinta, da cikakkun takardunta, da kuma masu saye da ke gogayya da juna. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi ƙaranci a nan, inda mai sayarwa kan yi watanni yana jiran mai taya.

A halin da ake ciki kuwa motar ba ta daina cin kuɗi ba. Tana bukatar rumfa, da inshora, da sabunta takardu, da tayarwa lokaci-lokaci don kada batir ya mutu, robobi su bushe. A Legas da Fatakwal damshi da iskar teku na haddasa tsatsa. Kayan gyara na asali sai an tona kasuwanni irin su Ladipo a Legas, ko Nkwo a Nnewi, ko Panteka a Kaduna, in ba a samu ba a yi oda daga waje da kuɗin ƙasashen waje. Tun da aka saki Naira ta nema wa kanta daraja a watan Yuni na 2023, Dalar Amurka da ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a 2024. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara nauyi a kan injinan da dama can mashaya mai ne. Ga kuma ƙarancin hannu: makanikan da suka ƙware a gyaran kafireta suna tsufa, yaransu kuma sun koma ga motocin da ake bincika da kwamfuta.

Saboda haka ne sha'awar kallo ta fi sauƙi ga aljihu. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas akwai baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da tabon harsasai a jikinta, kuma kuɗin shiga kaɗai ake biya. A Faransa kamfanin Peugeot ya buɗe gidan tarihin motocinsa a Sochaux tun 1988. Wasu masu sha'awar kan wadatu da tara hotuna da ƙananan samfuran motoci, ko su ɗauki hayar tsohuwar mota ta yini guda domin biki, su bar wa mai ita ɗawainiyar gyara.