Ɗan Majalisa da Aikin Bin Diddigi: Tsokaci a Kan Kuɗin Hidima, Gidaje da Rance a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Aikin ɗan majalisa da jama'a suka fi sani shi ne yin doka. Amma akwai wani aiki na biyu wanda sau da yawa ya fi na farkon taɓa aljihun talaka, wato bin diddigin yadda hukumomi ke aiwatar da dokokin da aka riga aka yi. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda wannan aiki yake gudana a Majalisar Tarayya ta Nijeriya, ta hanyar duba fannoni uku da kusan kowane magidanci ke cin karo da su: kuɗin da ake biya don hidimomin jama'a, da batun muhalli, da kuma ƙa'idojin ba da rance. Za a ga cewa a wurare da dama rigimar takan tsaya ne a kan kalma ɗaya, ko ma a kan ɗigo ɗaya a tsakanin alƙaluma.

2.0 Tushen Ikon Bincike

Sashe na 88 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai, kowace a karan kanta, ikon sa a yi bincike a kan duk wani al'amari da take da hurumin yin doka a kansa, da kuma a kan yadda wani mutum ko ma'aikata ko hukuma ke aiwatar da doka ko kashe kuɗin da majalisa ta ware. Sashe na 89 kuwa shi ya ba ta kayan aiki: neman shaida, da rantsar da mai ba da shaida, da aika sammaci, har da ba da takardar kamo wanda ya ƙi amsa kira ba tare da uzuri ba. Majalisun jihohi suna da makamancin wannan iko a sashe na 128 da na 129.

Sai dai ikon yana da linzami. Tsarin mulkin ya ce ba za a yi amfani da shi ba sai don abu biyu: don majalisa ta yi doka ko ta gyara kurakuran dokar da ke akwai, da kuma don ta tona cin hanci ko rashin iya aiki ko almubazzaranci. Tun a zamanin Jamhuriya ta Biyu kotu ta ja wannan iyaka, a shari'ar da aka yi tsakanin Tony Momoh, editan jaridar Daily Times a lokacin, da Majalisar Dattawa, inda aka bayyana cewa sashe na 82 na Tsarin Mulkin 1979 bai ba majalisa damar kiran kowa a kan komai ba. Ke nan majalisa ba kotu ba ce. Tana iya tonawa, amma yanke hukunci aikin wasu ne.

Abin lura a nan, wanda ya shafi harshe kai tsaye, shi ne yadda kafofin watsa labarai na Hausa kan yi amfani da kalmar "ƙuduri" don abubuwa uku mabambanta: batun da ɗan majalisa ya gabatar don a tattauna, da matsayar da majalisa ta cim ma bayan tattaunawar, da kuma daftarin doka. Na uku ne kaɗai ke iya zama doka, bayan majalisun biyu sun amince, shugaban ƙasa kuma ya sa hannu. Matsayar majalisa kira ne mai nauyi a siyasance, amma ba ta ɗaure hukuma yadda doka ke ɗaure ta. Mai sauraren rediyo da ya ji an ce "majalisa ta zartar da ƙudurin dakatar da ƙarin kuɗin wuta" zai ɗauka magana ta ƙare, sai kuma ya ga takardar biyan kuɗi ta zo masa da ƙarin. Domin kauce wa wannan ruɗani, a wannan maƙala za a riƙa cewa "matsaya" da "daftarin doka".

3.0 Kuɗin Hidima

Haraji daban, kuɗin hidima daban. Haraji ba ya halatta sai da doka, don haka tun asali a hannun majalisa yake. Kuɗin hidima kuwa, kamar na wutar lantarki ko na mu'amala da banki, majalisa ta miƙa ikon yanke shi ga hukumomin da ita da kanta ta kafa. Dokar gyaran fannin lantarki ta 2005 ita ta kafa hukumar NERC ta kuma ba ta ikon tsara farashi, sannan Dokar Lantarki ta 2023 ta maye gurbinta ba tare da ta mayar da wannan iko ga majalisa ba. Saboda haka ɗan majalisar da ke kuka da tsadar wuta yana jayayya ne da ikon da majalisarsa ta bayar da hannunta.

Misalai biyu za su fayyace wannan. A watan Agusta na 2015 Majalisar Dattawa ta nemi a soke tsayayyen kuɗin wata-wata da kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya ke karɓa ko an ba da wuta ko ba a bayar ba. An kuwa soke shi daga watan Fabrairu na 2016, amma a cikin sabon tsarin farashi da ya ƙara kuɗin wutar kanta. Abin da aka fitar ta ƙofa ya dawo ta taga. Haka kuma a watan Afrilu na 2024 hukumar ta ɗaga farashin rukunin farko na masu amfani da wuta, wato waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga ƙasa da N70 zuwa N225 a kan kowane ma'aunin kilowat na awa guda. Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar, kwamitin lantarki na Majalisar Dattawa kuma ya yi zaman jin bahasi. Farashin ya sauko zuwa N206.80 a watan Mayu, amma dalilin da hukumar ta bayar shi ne sauyin darajar Naira, ba kiran majalisa ba.

Batun da ya fi koyar da darasi shi ne na harajin tsaron intanet. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, a sashe na 44, ta ɗora harajin "0.005" a kan mu'amalolin kuɗi ta na'ura, ba tare da ta sa alamar kashi cikin ɗari ba. Mai karatu na iya fahimtar wannan ta fuska biyu. In an ɗauke shi a matsayin ɓangaren ɗaya, to rabin kashi ɗaya cikin 100 ke nan, wato N500 a kan kowace N100,000. In kuwa an ɗauke shi a matsayin kashi 0.005 cikin 100, to N5 ne kacal. Tsakanin fassarar farko da ta biyu akwai ninki ɗari. Gyaran da majalisa ta yi wa dokar, wanda aka sa wa hannu a watan Fabrairu na 2024, ya tsayar da magana a kan fassarar farko. Da Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna a ranar 6 ga Mayu, 2024 su fara cire kuɗin, sai ƙasa ta ɗauki ɗumi. Bayan kwana uku Majalisar Wakilai, bisa batun da shugaban marasa rinjaye Kingsley Chinda ya gabatar, ta nemi a janye umarnin. Hujjarta ita ce dokar ta ɗora harajin ne a kan kamfanonin da aka jera a jadawali na biyu, kamar bankuna da kamfanonin waya da na inshora, ba a kan mai ajiya ba. Kafin watan ya ƙare gwamnati ta dakatar da harajin, Babban Bankin kuma ya janye takardarsa.

A nan matsaya ta yi aiki, domin ta tsaya a kan lafazin doka, kuma ta zo daidai da fushin jama'a. Amma ba za a rasa tambaya ba: majalisar da ta tayar da jijiyar wuya a watan Mayu ai ita ce ta amince da adadin 'yan watanni kafin nan. Bin diddigin da ya fi arha shi ne wanda ake yi tun daftari yana gaban kwamiti.

4.0 Gidaje

Sashe na 16 na tsarin mulki ya ce hukuma ta karkata manufofinta wajen samar wa 'yan ƙasa muhalli da ya dace. To amma wannan sashe yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiwatar da shi. Don haka majalisa ce kusan kaɗai dandalin da za a iya tuhumar gwamnati a kan wannan alkawari.

Babban makamin gwamnati a wannan fanni shi ne Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda dokar soja mai lamba 3 ta 1992 ta kafa a zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka kuma danƙa shi ga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya da aka kafa a 1977. Dokar ta wajabta wa duk ma'aikacin da ke samun N3,000 ko fiye a shekara ya riƙa zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa na asali. Ta kuma wajabta wa bankuna su zuba kashi 10 cikin 100 na rancen da suke bayarwa, kamfanonin inshora su ma aka yanka musu nasu rabon. A madadin haka mai zubi na iya neman rancen gina gida ko sayensa da ruwan kashi 6 cikin 100, ya biya cikin tsawon lokacin da zai iya kai shekara 30.

A takarda tsarin ya yi kyau. A aikace kuwa nauyin ya faɗo ne a kan wanda ba shi da hanyar zillewa. Ma'aikaci ana cire nasa tun kafin albashi ya iso hannunsa, alhali shugabannin bankin lamunin sun sha yin kukan cewa bankuna da kamfanonin inshora ba su cika nasu wajibin ba. Har wa yau adadin N3,000, wanda ya yi daidai da mafi ƙarancin albashi na N250 a wata a farkon shekarun 1990, ya zauna a cikin dokar shekara 31 ba a taɓa shi ba.

Majalisa ta takwas ta yi yunƙurin sake dokar gaba ɗaya. Daftarin da ta zartar ya ƙunshi sabon haraji a kan siminti, wanda masu suka suka ce zai ƙara tsadar ginin da ake son a sauƙaƙa. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu a 2019. Sashe na 58 ya ba majalisa damar tsallake shugaban ƙasa da kashi biyu cikin uku na 'yan kowace majalisa, kamar yadda aka yi a 2000 game da dokar hukumar raya yankin Neja Delta, amma a wannan karon ba a bi wannan hanya ba. Gyaran da ya samu shiga ya zo ne ta wata dokar daban, wato dokar sauƙaƙa harkokin kasuwanci ta 2023. Ta mayar da ma'aunin shiga asusun zuwa mafi ƙarancin albashi na ƙasa, sannan game da ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu ta cire kalmar da ke nuna tilas ta sa mai nuna zaɓi. Da wannan kalma guda zubi ya zama na ganin dama ga ɗimbin ma'aikata, ya kuma ci gaba da zama wajibi a kan ma'aikacin gwamnati. Wanda ke karɓar N70,000, mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024, zubinsa N1,750 ne a wata, wato N21,000 a shekara. Mai karatu na iya auna wannan da kuɗin bulo da kwanon rufi.

Ko da kuɗi sun samu, akwai shingen fili. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, a sashe na 22, ta hana jinginar da fili ba tare da amincewar gwamna ba, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ƙarfin wannan sharaɗi a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989. Mai neman rance sai ya fara mallakar takardar shaidar fili, sannan ya jira sa hannun gwamna. Ɗan majalisa ba zai iya kwance wannan ƙulli da doka ta yau da kullum ba, domin sashe na 315 ya cusa dokar a cikin tsarin mulki, gyaranta kuwa sai da yardar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi.

Haya ita ma ta jihohi ce. Shi ya sa daftarin da Sanata Smart Adeyemi ya gabatar a 2022, na hana masu gidaje karɓar kuɗin shekara guda gaba ɗaya, ya taƙaita ga Babban Birnin Tarayya, kuma bai zama doka ba har wa'adin majalisa ta tara ya ƙare a 2023. Jihar Legas ta riga ta gwada irin wannan a dokarta ta 2011, wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya, amma ta ware unguwannin Ikoyi da Apapa da Victoria Island da rukunin gidajen gwamnati na Ikeja. Inda masu neman gida suka fi gidajen yawa, ɗan haya da kansa ne kan roƙi mai gida ya karɓi abin da doka ta hana.

5.0 Rance

Harkar banki tana cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, amma lasisin mai ba da bashi da ruwa na jihohi ne. Ta wannan tsaga ce kamfanonin ba da rance ta manhajar waya suka kutsa. Sukan ba da ƙaramin bashi na 'yan kwanaki da ruwa mai yawa, su kwashi lambobin da ke cikin wayar mai karɓa, in ya makara su aika wa danginsa da abokan aikinsa saƙonnin cin mutunci. Daga cikin waɗanda suka taka musu burki akwai hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022, ta kuma fitar da ƙa'idojin rajista a cikin shekarar. Kamfanin Google ma ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan jama'a a 2023. Rawar majalisa a nan ta bayan fage ce: ita ta yi dokar 2018 da ta haifi hukumar, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023.

Rancen ɗalibai kuwa ya nuna gyaran kuskure cikin sauri. Dokar da Femi Gbajabiamila ya ɗauki nauyinta, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ce sai ɗalibin da kuɗin shigar gidansu bai kai N500,000 a shekara ba, kuma sai ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa daga cikin manyan ma'aikatan gwamnati ko lauyoyi ko alƙalai da makamantansu. Ɗan talakan da aka yi dokar dominsa shi ne wanda ya fi wuyar samun irin waɗannan mutane. Ba a kai ga fara ba da rancen ba aka soke dokar, aka sake ta a watan Afrilu na 2024, aka cire sharuɗɗan biyu.