Ƙyallen shuɗi da ke tsare shanu daga sammore

Idan ka ga saniya tana kiwo kamar kowace amma kullum sai ramewa take, gashi ya tashi, ido na hawaye, nono ya ja baya, tambayi makiyayi. Mai yiwuwa ya ce maka sammore ce. Ƙudan tsando ne ke yaɗa ta idan ya ciji dabba don shan jini, kuma shi ne dai ke sa wa mutane ciwon barci.

Shanunmu farare, Bunaji, ba sa jure wa cutar kamar ƙananan shanun kudu irin su Muturu. Akwai allura, amma kuɗi ne, kuma saniyar da ta warke yau za ta koma rafin da aka cije ta gobe.

Sai da na shiga jami'a na san lagon wannan ƙuda. Macen ba ta zuba ƙwai barkatai kamar ƙudan gida. Tsutsa ɗaya tak take haifa, kusan duk bayan kwana 10. Ke nan ko kaɗan ake kashewa kullum, in an dage, yawansu zai faɗi ƙasa warwas.

A nan tarko ya shigo. Shuɗi na jan hankalin tsando, sai ya zo ya sauka kan baƙi. Don haka ake ɗinka ƙyallen shuɗi da baƙi, a sa raga a sama inda zai maƙale, ko a jiƙa ƙyallen da maganin ƙwari, a kafa a bakin rafi da mashaya. Wasu nau'o'in tsando har warin fitsarin shanu da ya kwana biyu ke kiransu, shi ya sa ake ajiye shi a kwalba kusa da tarkon. Telan ƙauye ma zai iya ɗinka shi.

Wahalar ba a ɗinki take ba, a kulawa take. Gobarar daji na cinye tarko, ambaliya na tafiya da shi, ciyawa na rufe shi, wani ma ya kwance ƙyallen ya kai gida. Kuma tsando bai san iyakar gonar kowa ba. Idan ruga ɗaya ta kafa tarko, maƙwabta suka naɗe hannu, aikin banza aka yi. Dole manomi da makiyayi, da mai unguwa da arɗo, su zauna su raba aiki: wa zai duba, wa zai gyara, wa zai karɓi gudummawa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A ƙarshen shekarun 1930, da ciwon barci ya addabi yankin Anchau, a jihar Kaduna ta yanzu, mutanen ƙauyuka ne aka sa suka sassare kurmin bakin rafuka inda tsando ke fakewa. Sabon garin da aka gina a lokacin, sunansa Takalafiya.