Akwatin waifai da sabon adireshin IPv6

A gidaje da shaguna da dama a Nyanshegu akwai ɗan akwatin nan mai ƙyafta fitila, rauta, mai raba waifai. Kafin ya ba kowa intanet, sai ya karɓi adireshi daga kamfanin sadarwa, MTN ne ko Telecel.

Tsohon tsarin, IPv4, adireshi kusan biliyan 4.3 ne kacal gare shi, kuma babban rumbunsa ya ƙare a Fabrairun 2011. Shi ya sa kamfanoni kan cusa kwastomomi da yawa bayan adireshi ɗaya, tamkar gidan haya mai lambar GhanaPost GPS guda. Baƙo ya iso ƙofa, wane ɗaki zai nufa? A nan mai shago kan sha wuya in yana Kumasi yana son leƙa kyamarar shagonsa ta waya.

A IPv6 kuwa, akwatin zai tura buƙata, kamfani ya yanka masa fegi guda na adireshi. Shi kuma ya sanar da wayoyi da kwamfutocin gida farkon lambar, kowace ta ƙarasa tata da kanta.

Amma fa sai ɓangarorin biyu sun iya yaren. Akwatin gwanjo mai yiwuwa bai san IPv6 ba, kamfanin ma sai ya kunna shi a layinka. Ka tambaya kafin ka fitar da sidi. In ya kunnu, ka tabbata katangar tsaron akwatin na aiki, don yanzu kowace na'ura na da adireshin da za a iya nema daga waje.