Ƙofar Neman Aiki Ta Koma Intanet: Wa Aka Bari a Waje?

Da zarar wata ma'aikata ta sanar da cewa za ta ɗebi sababbin ma'aikata, sai ka ga shagunan kwamfuta sun cika maƙil. Matasa riƙe da fayil, kowa da hoton fasfo da lambar NIN, ana jiran layi ya zo a cike fom. Tun da aka karɓi takardun shiga shirin N-Power ta intanet a 2016 jama'a suka saba da wannan hanya, har ta kai yanzu da wuya ka ji an ce a kawo takardar neman aiki ofis da hannu.

A cikin masu layin nan akwai wanda ba rashin data ne ya kawo shi ba. Yana da digirinsa, yana da wayarsa, ya kuma iya sarrafa ta fiye da yaron shagon. Makaho ne, shafin ne ya ƙi karɓar sa.

Mutane da yawa ba su san makaho yana aiki da waya da kwamfuta shi kaɗai ba. Akwai manhajojin da ke karanta masa abin da ke kan allo da murya. Wayoyin Android suna zuwa da TalkBack, na iPhone da VoiceOver, a kwamfuta kuma akwai JAWS da NVDA. Ita NVDA kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, su ne suka raine ta tun daga 2006. Sai dai manhajar ba ta da ido. Rubutun da maginin shafi ya saka a ƙarƙashin kowane akwati da kowane maɓalli shi take karantowa. In bai saka komai ba, ita ma ba ta da abin faɗa.

Na taɓa zama kusa da wani ɗan'uwa makaho yana cike irin wannan fom da daddare, lokacin da cunkoso ya ragu a shafin. Akwatin suna ya wuce lafiya. Da ya zo ranar haihuwa, sai aka buɗe masa kalandar da ba ta motsi sai da linzamin kwamfuta, shi kuwa da madannai yake aiki. Na taya shi wannan. Can gaba muryar ta riƙa cewa ga maɓalli, ga maɓalli, ga wani maɓallin, ba tare da ta faɗi na mene ne ba, alhali ɗaya na ajiyewa ne, ɗaya na gogewa. Ya danna na turawa, shiru. Ni da nake gani na lura an zagaye wani akwati da jan layi, alamar akwai kuskure, amma shi babu abin da ya shaida masa. Muna cikin neman kuskuren sai lokacin da aka ware ya ƙare, shafin ya koma farko, duk abin da ya rubuta ya bi ruwa. A zagaye na biyu muka isa ƙarshe, sai ga gwajin nan na karkatattun haruffa a cikin hoto, wanda ake cewa ka kwafa don a tabbatar kai mutum ne. Ya yi dariya ya ce, "To Malam, yau kuma ni ne ba mutum ba."

Wani zai ce ai sai ya nemi a taya shi. Haka ake yi, amma a duba abin da taimakon ke ci. Zai miƙa wa baƙo lambar NIN da ta BVN da kalmar sirrinsa, ya biya kuɗi, sannan ya dogara da cewa an rubuta abin da ya faɗa daidai. Harafi ɗaya ya kauce a sunansa, ranar tantancewa a ce takardunsa ba su dace ba.

Doka kuwa tana nan. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya, wadda ta nemi ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu a ce aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu masu buƙata ta musamman ne. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a Janairun 2024, aka kuma kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020. To amma ta ina mutum zai shiga cikin kashi biyar ɗin nan idan fom ɗin farko ya gagare shi? Matakalar bene kowa yana ganin ta, ko darakta ya san keken guragu ba zai hau ba. Ta cikin shafi kuwa ba ya ganin ta, domin shi da idonsa da linzaminsa yake buɗewa, komai ya tafi masa sumul, ya sa hannu a biya ɗan kwangila.

Ba makafi kaɗai abin ke ci ba. Kurma yana cika fom lafiya, sai a ce gayyatar ganawa ta kiran waya ce kawai, ko a ɗora bidiyon bayanin aiki babu rubutu a ƙasa. Wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki, ko wanda ya rasa yatsu, ba ya iya saita linzami a kan ɗan ƙaramin akwati. Zabiya da duk mai raunin gani suna fama da rubutu mai ruwan toka a kan farin allo, wanda masu zane ke ganin shi ne gayu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3 ne ke da nakasa mai tsanani, wato kusan ɗaya cikin shida.

Abin da aka fi mantawa shi ne bayan an ɗauki mutum aikin. Takardar albashi, neman hutu, fom ɗin auna ƙwazo na shekara, jarrabawar ƙarin girma, duk sun koma shafin sashen kula da ma'aikata. Idan takardar albashi hotonta aka ɗauka aka ɗora, da wuya manhajar makaho ta karanto ta daidai. Magidanci mai iyali zai kira abokin aiki kowane ƙarshen wata ya karanto masa nawa aka biya shi, nawa aka cire na bashi. A wurinmu da mutum ke ɓoye albashinsa ko ga ɗan'uwansa, wannan tonon asiri ne.

Gyaran ba sabon ilimi yake buƙata ba. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da jagorar da ake kira WCAG tun 1999, ta sabunta ta a 2008, sigar 2.2 kuma ta fito a Oktoban 2023. A ciki an fayyace komai: kowane akwati da sunansa, kowane hoto mai ma'ana da bayaninsa, kuskure a faɗe shi da kalmomi kada a tsaya ga launi, a iya ƙara girman rubutu ninki biyu ba tare da shafin ya wargaje ba, a ba mutum damar ƙara lokaci. Har bambancin hasken rubutu da na bayansa an auna, an ce kada ya gaza 4.5 bisa 1. Yawancin sassan kula da ma'aikata ba su ke gina shafinsu ba, kwangila suke bayarwa, don haka wurin kama bakin zaren shi ne takardar kwangilar. Amurka haka ta yi a 1998, lokacin da ta ƙarfafa sashe na 508 na dokarta, ta wajabta wa ma'aikatun tarayya su sayi fasahar da ma'aikata masu nakasa za su iya aiki da ita. Saka wannan sharaɗi tun farko ya fi arha nesa ba kusa ba a kan rushe shafi a sake gini.

Jami'in da ke son sanin halin da shafinsa ke ciki ba sai ya jira ƙwararre ba. Ya cire linzami, ya gwada cike fom ɗin daga farko har ƙarshe da madannin Tab kaɗai. Ya kunna TalkBack a wayarsa, ya rufe ido na minti goma. Bayan nan ya kira makaho da kurma su gwada da kansu, ya biya su ladan aikinsu kamar yadda ake biyan kowane mai ba da shawara, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Akwai kuma tambayar nan da ake yawan gani a fom: kana da nakasa? Mutum ya amsa e, daga nan babu wani bayani, ya rasa ko amsar za ta taimake shi ne ko za ta sa a jefar da takardarsa. Kamata ya yi a biyo ta da tambayar abin da yake buƙata ranar jarrabawa ko ganawa, ko mai fassarar maganar hannu ne, ko ƙarin lokaci, ko ɗaki a ƙasan bene. A ƙarƙashinta a saka adireshin imel da lambar da ke karɓar kira da saƙon tes, a kuma ajiye ma'aikacin da zai riƙa amsawa har ranar da za a rufe shafin.