Buza: a yi wa kaji rigakafi tun ɗari bai kama ba

Kowace shekara, da an gama girbin hatsi iskar hunturu ta taso, sai annoba ta faɗa wa kajin ƙauyukan Buza, Keita da Madawa. Kaza ta yi zugum, ta saki fukafukai, kashinta ya zama tsanwa, wuyanta ya murɗe. Cikin ƴan kwanaki akurki ya koma wayam. Likitocin dabbobi na kiranta cutar Newcastle.

A ƙasar Adar kaza asusun mace ce: da ita ake sayen magani da littafin ɗan lakwal. In ciwon ya kama, barkono da ɓawon maɗaci da kafso ba sa warkar da shi. Rigakafi kaɗai ke kare kaji: allurar ITA-New, ko ɗigon I-2 a ido duk wata huɗu, tun suna lafiya.

Sau da yawa daga kasuwa cutar ke zuwa, domin wanda ya ga alamarta gaggawar sayarwa yake yi. Kazar da aka sawo Tunfafi, a ware ta mako biyu. Wadda ta mutu, a binne ta. In mutuwar ta yi yawa, a sanar da ma'aikatan kiwo, domin murar tsuntsaye da ta ɓulla Magarya a 2006 tana kama da wannan cuta.