Kafin Ka Sayi Kibod Na Tafiya Domin Wayarka

Wanda ya taɓa rubuta rahoto mai shafi uku da manyan yatsunsa biyu a kan gilashin waya ya san wahalar da ke ciki. Ido ya gaji, wuya ya ƙage, wayar kuma tana ta juya maka kalmomi zuwa abin da ba ka nufa ba. Magatakardan ƙungiya da ya tafi taro Jos ko Kaduna, da malamin makaranta da aka aika kwas, da ɗalibin da ba shi da kuɗin kwamfuta, dukansu sukan shiga wannan hali. Domin haka ne mutane da yawa suka koma ga ƙaramin kibod, wato allon maɓallan rubutu irin na tafireta, wanda yake haɗuwa da waya ba tare da igiya ba. Sai dai kasuwa ta cika da irinsu, yawancin masu saye kuwa ƙanƙanta kaɗai suke dubawa. Nan ne ake yin asarar kuɗi.

Da fari, a sani iri biyu ne. Akwai mai Bluetooth, akwai kuma mai zuwa da wani ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa wanda ake sokawa a kafar USB. Kwalin kowannensu yakan ce babu igiya, mai shago kuma ba lalle ya bambanta maka su ba. Na biyun domin kwamfuta aka yi shi. In za ka sa shi a waya sai ka nemi mahaɗin da ake kira OTG, kafar caji kuma ta toshe muddin kana rubutu, ranar da ƙwayar nan ta faɗi a tasha kuwa, sau da yawa kibod ya tashi daga aiki ke nan. Ban da haka, a shekarar 2016 wani kamfanin binciken tsaro na Amurka mai suna Bastille ya nuna cewa waɗansu masu araha na wannan iri suna aika abin da aka buga a fili, har wani da ke kusa zai iya karantawa da na'ura. Saboda haka matafiyi ya nemi mai Bluetooth. Wannan fasaha, wadda aka soma aikinta a kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin a 1994, tana cikin wayoyin Android da iPhone, tana kuma kai kimanin mita 10.

Sa'an nan sai batun girma. A kibod na ofis, daga tsakiyar maɓalli zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 19 ne, hannun duk wanda ya koyi bugun tafireta ko kwamfuta kuwa da wannan tazara ya saba. Masu ƙera na aljihu sukan matse ta, waɗansu har ƙasa da milimita 16. A ido bambancin ba kome ba ne, amma a yatsa sai ka riƙa taɓa haruffa biyu a bugu ɗaya, lokacin da ka so ka rage kuma ya tafi wajen gyara. Masu naɗewa biyu ko uku su ne suka fi ɗaukar ido, gama suna shiga aljihun riga. A duba su da kyau wajen gaɓar naɗin, domin a nan ne akan yanke dogon maɓallin tazara gida biyu, a ƙara wa waɗansu haruffa faɗi, a rage wa waɗansu. Ni kaina na taɓa sayen mai naɗi uku, ina ta murna. Da na ɗora shi a cinya cikin mota sai ya lanƙwashe a tsakiya, na gane ashe sai da tebur yake aiki, tebur kuwa shi ne abin da matafiyi ba ya samu. Irin na roba da ake nannaɗewa kamar tabarma ma ya fi wannan muni.

A ganina, miƙaƙƙe wanda ba ya naɗewa ya fi wa mai dogon rubutu. Misalinsa shi ne K380 na kamfanin Logitech, wanda ya fito a 2015. Nauyinsa bai kai rabin kilo ba, yana shiga jakar takardu, yana kuma riƙe na'ura uku, a sauya tsakaninsu da maɓalli ɗaya. Ɗan'uwansa K480 yana da rami a sama inda ake tsayar da waya, amma nauyinsa ya kusan ninka na farkon. In naka ba shi da ramin, nemi ɗan majinginin waya, in ba haka ba za ka ƙare kana jingina ta da kofin shayi.

Game da wuta, waɗansu suna da batir na ciki wanda ake caji, waɗansu kuma suna cin ƙananan batura biyu irin na rimot. Wanda yake zuwa ƙauyukan da babu lantarki ya fi samun kwanciyar rai da na biyun, gama batirin rimot ba ya wuyar samu, yakan kuma yi watanni. A dai cire shi in za a ajiye kibod da daɗewa, domin mai araha yakan zubar da ruwa ya ci ƙarfen ciki. In mai caji ne, a tabbata kafarsa ɗaya ce da ta wayarka, kada ka ɗauki igiya biyu. Kada kuma a bar shi a gaban mota cikin rana, zafi yana kashe irin wannan batir. Lokacin hunturu a sa shi cikin jaka saboda ƙura.

Yanzu ga abin da mai shago ba zai faɗa maka ba. Jerin haruffa ba ɗaya ba ne ko'ina. Na Nijeriya da Gana yana farawa da QWERTY, amma a Nijar da Chadi da yawancin Kamaru za ka tarar da na Faransa, mai farawa da AZERTY, inda A da Q suka yi musanyar wuri. Ko a cikin QWERTY ɗin ma, alamar @ tana wani wuri a na Amurka, tana wani wuri a na Ingila. In abin da ka buga ba shi ne yake fitowa ba, ba lalacewa ya yi ba. Shiga saitin waya, wajen kibod na waje, ka zaɓi jerin da ya dace da naka.

Babbar matsalar mai rubutun Hausa ita ce haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ wadda ake rubutawa a Nijar a inda mu muke sa 'y. A kan gilashin waya abin ya zo da sauƙi, gama Gboard yana da Hausa. Amma da zarar ka haɗa kibod na waje, na gilashin yakan ɓuya, haruffan nan kuma babu su a jikin maɓallai. Tsofaffin masu tafireta da biro suke bi suna sa ƙugiya bayan sun gama bugu. A waya babu wannan dama. Kada kuwa a ce ƙaramin abu ne. Wanda ya rubuta cewa dattawa sun tafi fada, da wanda ya rubuta sun tafi faɗa, ba labari ɗaya suka bayar ba. Haka kuma a zo daidai daban yake da a zo ɗaiɗai.

A wayar Android akwai mafita biyu. Cikin saitin kibod na waje akwai wurin da za ka ce na gilashi ya tsaya a buɗe, sai ka riƙa miƙa yatsa kana taɓa ƙ ko ɗ sa'ad da ka bukace su. Yana rage sauri, amma yana aiki. Hanya ta biyu ita ce manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL, wadda kyauta ce, tana da jerin haruffan harsunan Nijeriya, tana kuma aiki da kibod na waje. Masu iPhone ba su da wannan ta biyun, gama wayar ba ta barin irin wannan manhaja ta sarrafa kibod na waje. Abin da za su iya shi ne su koya wa wayar, a wurin musanya kalmomi, cewa in an buga wata gajeriyar alama ta mai da ita ƙasa ko ɗaya ko ɓera.

Domin haka ranar saye ka tafi da wayarka. Ka roƙi mai shago ya bari ka haɗa su a gabansa, ka zauna a benci, ka ɗora kibod a cinya, ka buga layi biyar na Hausa da akwai ƙugiya a ciki. Ka kashe shi, ka sake kunnawa, ka ga ko zai koma kan wayar da kansa ba sai an sake haɗawa ba. In mai shago ya ƙi a buɗe kwali, ka gwada shago na gaba.