Abin da Lambar Jikin Tsohuwar Taraktar Lambu ke Faɗa

A Amurka akwai wasu ƙananan taraktoci da aka ƙera a shekarun 1960 da 1970 don yankan ciyawa, huɗar lambu da ture ƙanƙara daga ƙofar gida, kuma har yau da yawansu na aiki. Duk mai son sayen ɗaya ko nema mata kayan gyara, da lambar da ke jikin bonet yake fara cin karo. Lambar nan tana da ma'ana, sai dai kowane kamfani da nasa salon.

Kamfanin Wheel Horse na garin South Bend a jihar Indiyana ya fi kowa sauƙaƙa wa mutane. A yawancin ƙirarsa ta shekarun 1960, lambar farko ko biyun farko ƙarfin injin ne, ta ƙarshe kuma shekara. Wato 854 tana da ƙarfin doki 8, ƙirar 1964; 1057 kuwa doki 10, ƙirar 1967. Da aka sauya tsari daga baya, 312-8 ta zama mai doki 12 da giya 8.

Cub Cadet, wadda International Harvester ya fito da ita a 1961, ta fi burge ni. A yawancin masu lamba uku, lambobi biyun farko ƙarfin doki ne, amma ta ƙarshe tana gaya maka yadda ake tuƙa ta. Dubi 128 da 129: injinsu ɗaya, doki 12. Mai 8 a ƙarshe giya ake sa mata da hannu. Mai 9 kuwa matsin mai ke tafiyar da ita, sanda guda za ka tura gaba ko ka ja baya. Haka 124 da 125 suke: in lambar ƙarshe cika ce, mai giya ce; in mara ce, mai matsin mai. Amma kada a ɗora wannan ƙa'ida kan 71, domin ita mai giya ce duk da cewa lambarta ta ƙarshe mara ce.

A wurin John Deere ne ake yawan yin tuntuɓe. Wanda ya san 212 doki 12 ce, 214 doki 14, 318 kuma doki 18, sai ya ɗauka 110 doki 10 ce. Ina! Da ta fito a 1963 daga masana'antar Horicon a Wiskonsin, injin Kohler mai doki 7 ke cikinta, a 1964 aka ƙara zuwa 8. Ita ma 112 da doki 10 ta fara.

Ga kuma matsalar bonet: cire shi ake yi, kuma a shekara hamsin wata taraktar ta ari na 'yar'uwarta. Shi ya sa mai sayar da kayan gyara ke tambayar lambar ƙira da aka buga kan ƙaramin farantin ƙarfe a jikin taraktar. Injin ma da nasa farantin daban. Idan ka goge maiƙo ka ga K241, Kohler ne mai doki 10. In K301 ne, doki 12, ko me bonet ya ce.